Famfo Mai Agogo da Babban Yatsan Kawu

Keken ba nawa ba ne, na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Shekarar da na shiga ajin ƙarshe na sakandare ya ba ni aronsa, saboda daga ƙauyenmu zuwa makaranta a garin Kebbe tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a ƙasa, kuma kullum sai an kusa gama darasin farko nake isa. Tsohon baƙin keke ne mai kariya, ya yi shekaru yana kai buhun gero kasuwa. Kawu ya miƙo mini shi da sharaɗi guda: in robar ciki ta fashe sau uku a hannuna, zai karɓe abinsa. Ban san abin da ya sa ya zaɓi uku ba. Ina jin ya auna haƙurinsa ne ya ga iyakarsa ke nan.

Cikin wata guda na cinye biyu.

Ta farko iska ce ta yi kaɗan, na hau kan dutse a gangaren rafi, bakin ƙarfe ya ciji robar wuri biyu. Ta biyu na ce bari in gyara kuskure, na sa aka ɗura iska har tayar ta yi tauri kamar ice, ta fashe tun ban bar gari ba. A wajenmu ba mai tambayar yawan iskar da taya ke bukata. Mutum zai sa babban yatsa ya danna, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga wani ƙauye, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Da wannan ilimi ake haihuwar kowa, har matan gidanmu da ba su taɓa hawa keke ba. Ni kaɗai aka manta. In na danna taya, abu ɗaya nake ji, wato taya. Kawu ya kama yatsana ya jujjuya shi, ya gaya wa mahaifiyata cewa alƙalami ya riga ya kashe shi.

Da yake ba na iya gardama da baki, sai na koma inda na saba samun amsa. Na wanke tayar da sabulu, na zauna ina karanta abin da ke jikinta. Can gefe, ƙarƙashin tsohuwar laka, na ga rubutu: a ba ta iska hamsin. Na ji daɗi irin na wanda ya tsinci amsar jarrabawa a bayan littafi. Ashe duk shekarun nan mutanen garinmu suna ta danne-danne alhali amsar na rubuce a gaban idonsu. Abin da ya rage shi ne in samu abin da zai ƙirga mini hamsin ɗin. Malaminmu na kimiyya ya ce akwai famfo na tsaye, wanda ake take shi da ƙafa a danna da hannu biyu, mai agogo a jiki da ke nuna yawan iska, kuma ya taɓa ganin irinsa a kasuwar Tambuwal.

Na sayar da zakaruna biyu. Ranar kasuwa na ari sifana na kwance ƙafar keken ta gaba, don na yi wa kaina alkawari ba zan sayi famfon da ban gwada ba. Haka na shiga mota da ƙafar keke a kan cinya. Tun kafin mu hau kwalta wani dattijo ya tambaye ni ko sauran keken na biye da mu a baya. Wata mata ta ce a'a, kaɗan-kaɗan yake saye, baɗi war haka ya haɗa sirdi. Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Amsar da ta dace da su ta zo mini bayan kwana biyu, kamar yadda ta saba.

Na zagaya rumfar mai kayan keke sau uku kafin in iya yin sallama. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, yana shan rake.

"Ɗan makaranta, mi kaka so? Ko ƙafar ce ta sayarwa?"

Na ce famfo mai agogo nake nema, wanda lambobinsa ke karantuwa, kuma ba ya ƙarya. Ya ce ai duk kayan rumfarsa ba mai ƙarya, ya jawo guda uku ya jera a gabana.

Na farko agogonsa ya kai murfin kwano, lambobi manya baƙaƙe, ko daga tsallaken hanya mutum ya karanta su. Raina ya riga ya tafi gare shi. Na biyu ja ne mai walƙiya, yana cikin ledarsa. Na uku kuwa wani ƙaramin abu ne marar kyan gani, agogonsa can ƙasa wajen ƙafa, lambobin kamar ƙwayar gero, sai mutum ya durƙusa zai gan su.

Na ce zan gwada. Ya ce a gwada biyu, amma jan ba a cire masa leda, in an cire ya zama tsoho. Na tsaya shiru ina kallon ƙasa. Mutane suna ɗaukar shiruna a matsayin taurin kai, alhali ba komai ba ne illa rashin abin faɗa, amma yana mini aiki a kasuwa. Ya gaji ya huda ledar ya zaro tiyon.

Na ɗaura tiyon na farko a bakin tayar, allura ta miƙe ta tsaya a sittin. Na rubuta a littafina. Na ɗaura na biyu, ta nuna ashirin. Mai rumfa ya ɗan buga gilashin da ɓawon rake, ta yi tsalle ta koma arba'in da biyar. Na rubuta duka biyun. Na uku, bayan na durƙusa har goshina ya kusa taɓa ƙasa, ya ce talatin da biyar. Taya ɗaya, iska ɗaya, amsa huɗu. Na nuna masa littafin. Ya duba da kyau, ya ce to ai alheri ne, sai in zaɓi lambar da ta fi kwanta mini a rai.

Na ce ina so in san wanda ya faɗi gaskiya. Sai ya leƙa rumfar da ke maƙwabtaka da shi ya kira wani tsoho mai faci, ya ce ya yi shekaru yana aikin tayoyin manyan motoci a tasha kafin baya ya hana shi. Tsohon ya taso a hankali, bai ko kalli famfunan ba. Ya karɓi ƙafar keken, ya sa babban yatsa ya danna, ya karkata kai.

"Ta wuce talatin, ba ta kai arba'in ba."

Ya nuna ƙaramin da haɓa, ya ce wancan ne mai gaskiya. Na biya kuɗin mota tun daga Kebbe don in tsere wa babban yatsa, ga shi an kira babban yatsa ya yi wa agogo jarrabawa, kuma ni da kaina na rubuta sakamakon.

Don kada a ce ban san komai ba, na gaya wa tsohon cewa tayar hamsin take so, an rubuta a jikinta. Ya tambayi inda nake hawa. Da ya ji Kebbe, ya ce hanyarmu yashi ne da duwatsu, in bar ta da ɗan laushi. Ya tambayi faci nawa ke jikin robar, na ce ban ƙirga ba. Ya ce to in rage, kuma kada in jingine keke a rana in na cika shi da safe, don iska na kumbura in ta ji zafi. Na ce na gode, Baba. Ban rubuta ko ɗaya ba. A lokacin abin da aka buga da inji kawai nake ɗauka ilimi, abin da ya fito daga bakin tsoho kuwa hira ce.

Na sayi ƙaramin. Na bar mai manyan lambobi ina waiwayensa, don ban taɓa ganin ƙarya da aka rubuta da kyau irin tasa ba.

Washegari bayan sallar asuba na mayar da ƙafar, na durƙusa gaban agogo, na ba ta gaba hamsin, na ba ta baya hamsin, ba ƙari ba ragi. Mahaifiyata ta zo wucewa da ƙwarya, ta danna ta baya, ta ce ta yi yawa. Na ce mata, cikin ladabi, an rubuta.

Keken ya tafi kamar an ɗaura masa ƙafafun dutse. Kowace tsakuwa sai da na ji ta a haƙorana. A wuraren yashi tayar ta riƙa nutsewa tana zamewa, sau biyu na sauka na tura. Na gaya wa kaina cewa haka daidai yake, ban saba da shi ba ne kawai. Saboda sauke-sauken na makara, na tarar baburan malamai sun cinye inuwar dogonyaro, sai na jingine shi jikin bangon aji, a fili. Lokacin bazara ne.

Da azahar ta gabato muna cikin darasin lissafi, aka ji ƙara kamar ta bindigar farauta. Malam ya saki alli ya duƙa bayan tebur. Awakin da ke kwance gindin bango suka watse. Ni kaɗai ban juya ba, don na san muryar. Ta baya ce, wadda ban kai Tambuwal ba. Da na zaro robar daga baya na ƙirga, faci tara ne a jikinta, wasu kan wasu, wasu na tabbata sun girme ni. Ba a facin ta ɓalle ba, tsagewa ta yi tsawon tafin hannu a tsakaninsu.

Na turo keken gida. Labari ya riga ni isa, da yake shi ba ya faci. Kawu na zaune kan tabarma a ƙofar gida, ya ɗaga mini yatsu uku. Ni kuwa, a karon farko a rayuwata, na yi ƙoƙarin kare kaina. Na juyo tayar na nuna masa rubutun, na kawo famfon na nuna masa agogo, na ce ban ƙara ko ɗaya a kan abin da aka ce ba. Ya saurare ni har na gama.

"Waɗanda sunka rubuta wanga, sun taɓa biyo hanyar Kebbe da tsakar rana?"

Na ce ban sani ba.

"To ni na biyo."

Ya tashi ya ja kekensa. Famfon ya bar mini, ya ce nawa ne, zakaruna suka saye shi. Na zama mutum ɗaya tilo a ƙauyenmu mai famfon da ba ya ƙarya, kuma ba ni da abin da zan ba iska. Na koma tafiyar ƙasa, na koma isa ana goge allon darasin farko.

Bayan ya sa sabuwar roba, kawu ya fara zuwa duk ranar kasuwa in ba kekensa iska, wai famfon ya fi na mai facin gari laushin dannawa. Agogon kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Ina bugawa yana danna tayar da yatsa, har ya ce tsaya. Ni kuma in durƙusa in duba allura, in ya tafi in rubuta. Mako bakwai na yi ina rubutawa. Ta baya talatin da takwas, ta gaba talatin da biyar, in rana za ta yi zafi ya rage biyu. Bai taɓa kaucewa da fiye da ɗigo ɗaya ba. Na yi ta neman ranar da yatsan zai yi kuskure in samu abin riƙewa, bai ba ni ba.

A mako na takwas na ce ya cire hannunsa. Na buga, ina kallon allura, na tsaya da kaina a talatin da takwas. Ya danna. Ya karkata kai. Ya sake dannawa, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Na tsaya riƙe da tiyo ina jiran hukuncinsa, don saura mako shida jarrabawa kuma ƙafafuna sun gaji. Na buɗe baki in roƙe shi, maganar ta tsaya inda ta saba tsayawa.

"Agogon ga naka ya fara hankali," in ji shi.

Ya ɗaure buhunsa a kariya, ya hau, ya tafi kasuwa. Jarrabawar a ƙasa na je ta, duka takardun.