Cokalin da Na Kai Katagum

Mun fito da asuba daga gidajenmu a Azare, ni da Hajiya, babbar cikin ƙungiyarmu, amma kafin in sa ƙafa a waje sai da na koma ɗaki sau uku. Masu bibiyata sun san ina da yarinya, Ummi, shekararta tara, wadda ta sha wuya wajen haihuwa har abin ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ba ta zama da kanta, ba ta magana, kuma haɗiya na ba ta wahala. Loma ɗaya in ta kauce hanya, sai ƙwarewa, sai tari, sai asibiti. Tun da na yaye ta babu hannun da ya taɓa ba ta abinci sai nawa. Don haka ranar na tashe ta da wuri, na ba ta kunu mai kauri har ta ƙoshi, na ce wa Malam, maigidana, kada ya ba ta komai, ko ruwa, sai na dawo. Na yi masa alkawari a gida zan yi azahar. Ya dube ni kawai, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ƙungiyar tamu ba wani abin a zo a gani ba ce. Iyayen yara masu lalura ne, muna haɗuwa a tsakar gidan Hajiya duk sati biyu. Ba mai biyanmu, ba mu da ofis balle mota. Abin da muka koya a layin masu gashin ƙashi a asibiti, da abin da wuya ta koya mana a gida, shi muke raba wa juna. Ita Hajiya ɗanta kurma ne, ya girma har yana ɗinki a kasuwa.

Dalilin tafiyar, wata matashiyar uwa ce ta bugo mana daga wani ƙauye gaba da Katagum. Wajen awo wata malamar asibiti ta ba ta lambarmu. Ɗanta shekara huɗu, lalurarsa irin ta Ummi, ita kuma cikinta ya shiga wata tara. In ta sauka, surukarta ce za ta karɓi ciyar da yaron, kuma tsohuwar ɗura take yi masa: a kwantar da shi a cinya, a toshe hanci, a tara hannu a baki a zuba kunu. Ga yaro irin namu, kunun nan huhu yake sauka. Ba labari aka ba ni ba, ni ma na yi wa Ummi, muka yi kwana goma sha ɗaya a gadon asibiti ana sa mata iska. Matashiyar uwar ta ce ita ba ta isa ta ce wa surukarta ta daina ba. Ta roƙe mu mu zo kafin naƙuda ta riga mu. Na sa ƙaramin cokalin roba a jaka, irin na Ummi, shi ne duk kayan aikinmu.

A tasha ɗan kamasho ya rantse mana saura mutum ɗaya mota ta tashi. Da muka zauna, sai biyu daga cikin waɗanda muka tarar a ciki suka fita suna miƙa, ashe 'yan ɗumama kujera ne. Kuɗin mota kuwa ya kusan ninka yadda Hajiya ta san shi bara, ta yi ta ja da direba har ya ce mata ta je gidan mai ta yi wannan cinikin. Ta sayo mana ƙosai da koko, ni ko warinsa ban so ji ba. Ba mu bar Azare ba sai da rana ta fito sosai. Ina ta duba agogon waya kamar shi zai tura motar.

Hanyar tana da kyan gani ga mai natsuwa. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai ya sunkuya, ga riɗi da wake sun rufe ƙasa, ga shanun Fulani sun yi sheƙi, balbela na bin ƙafafunsu. Mu huɗu a baya kamar an cusa auduga a matashi, wani dattijo kusa da ni ya ɗora min kwandon zabi a gwiwa bai ko nemi izini ba. Direba yana kauce wa ramuka da gwaninta, wanda ya kasa kauce wa kuma kowa ya ji shi a ƙugu. Bayan mun wuce wajen Sakwa muka tarar ruwa ya hau titi, majiya ƙarfi sun naɗe wanduna suna tura motoci ana sallamarsu. Direbanmu ya ce shi ba sai an tura shi ba. Ya shiga da ƙarfinsa, muka kai tsakiya, motar ta yi tari biyu ta mutu. A ƙarshe dai turawar aka yi, kuma ya biya fiye da kowa. Sama da awa ɗaya muka yi a bakin hanya yana kwance fulogi yana hurawa. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Hajiya ta ce in ban daina zarya ba zan haƙa musu sabon rami a titi.

Katagum gari ne mai sanyin rai. Shi ya ba masarautarmu suna, amma hayaniya duk tana Azare, nan kuwa sai tsofaffin gidajen ƙasa da iskar kogi da ƙamshin kifi. Bandar kifi a bakin tasha arha kamar a ce ɗauki, abin da za ka saya a Azare ka yi miya ɗaya, a nan sai ka yi uku. Hajiya ta tsuguna tana zaɓa ɗaya bayan ɗaya, tana shinshinawa. Wallahi haushinta na ji. Daga nan muka hau acaɓa, muka bi ta fadama tsakanin gonakin shinkafa, laka na fantsamo mana har gwiwa. A nan ne na ga sandunan sabis na wayata sun ɓace ɗaya bayan ɗaya. Muna isa ƙauyen ana kiran azahar, lokacin da na ce ina gida. Na san yadda Ummi ke yi in yunwa ta kama ta, tana murza kai a matashi tana wani siririn kuka.

An shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono mai sanyi a ƙwarya, aka shiga gaisuwa. Hajiya da tsohuwar, wadda kowa a gidan ke kira Inna, suka juye Fulatanci suna tambayar juna gida da shanu da ruwan bana. Uwar yaron ta fito da shi da ƙyar, ga ciki ga goyo. Ya rame, ƙirjinsa na kurkur in ya ja numfashi. Na san wannan ƙarar sarai.

Ni da nake sauri, ban tsaya kwana-kwana ba, na ce ɗurar nan ce ke cutar da shi. Nan take fuskar Inna ta canza.

"'Yar nan, 'ya'ya takwas na raina da hannun nan," in ji ta. "Wanne ɗura ta kashe?"

Na buɗe baki zan amsa, Hajiya ta mintsine ni a cinya. Sai na haɗiye maganar, na ba Inna labarin kwanakina goma sha ɗaya a asibiti, da yadda na riƙa kallon hannuna ina cewa shi ya jawo. Na ce 'ya'yanta takwas maƙogwaronsu lafiya lau yake, na wannan ne Allah ya yi shi daban, yana buƙatar a jira shi. Na ce jikinta ya fi sabawa da shi, ko za ta riƙe mana shi in gwada mata wani abu. Sai ta miƙo hannu.

Muka zaunar da shi a cinyarta, bayansa a ƙirjinta, muka ɗaure su tare da zani don kada ya zame, haɓarsa ta ɗan sunkuya. Na sa aka ƙara wa kunun kauri. Na ɗebo rabin cokali, na danna a hankali kan harshensa, na kama yatsanta na ɗora a maƙogwaronsa, na ce ta jira. Can yatsan ya motsa, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ya wuce." Babu tari, babu ƙwalla. Na ba ta cokalin. Na farko ta cika shi, ya zube a zani. Na biyu ta yi sauri, yaron ya ɗan tari. Rana na ta karkata, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, har na kai shi zan karɓe cokalin in gama mu tafi. Ta janye hannunta.

"Bari. In kin ba shi yau, gobe kina nan ne?" Ta sake ɗebowa, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Ke da kike zaune a nan, wa ke ba taki abinci?"

Hajiya ta san gaskiya, ta kau da kai tana gyaran mayafi. Kunya ta rufe ni, na ce dai tana wajen babanta. Inna ta ce to madalla, ta ci gaba da aikinta. Kusan awa guda ta ɗauka kafin rabin kofi ya ƙare, ta ce wannan ai aikin yini ne, amma ita yanzu yinin ta fi kowa samu. Muka ce kada a kwantar da shi da ya gama ci, kuma a kai shi asibiti a duba ƙirjin nan cikin satin, don mu iyaye ne, ba likitoci ba. Uwar ta rako mu har bakin zaure tana hawaye. Cokalin na can a hannun Inna, ta soke shi a ɗankwali.

Dawowar ba zan iya ba ku labarin hanya ba, don ban ga komai ba. A Katagum waya ta dawo, na buga wa Malam sau bakwai, tana shiga ba a ɗauka. Babu irin tunanin da ban yi ba. Mota ba ta cika ba sai bayan la'asar, ruwan nan kuma muka sake tsallake shi da turi. Ana kiran magariba muka shiga Azare. Na bar Hajiya da kifinta a tasha, na faɗa keke napep ko sallama ban yi mata ba.

Na shiga gida da gudu, takalmi ɗaya a zaure. Na tarar da Malam zaune a tabarma, Ummi a cinyarsa, bayanta a ƙirjinsa, ya ɗaure su da zanina. Gaban rigarsa duk kunu. Yatsansa ɗaya na kan maƙogwaronta, wayarsa kuwa na can kan taga. Ya ɗaga min hannu alamar in yi shiru, sai da ta haɗiye sannan ya yi magana. Ya ce wannan ne karo na biyu, da azahar ma ta sha, har da ruwa.

Na ce, "Malam, wa ya koya maka?"

Ya ce, "Shekara nawa ina tsaye a bakin ƙofar nan ina kallonki? Ba ki taɓa miƙo min cokalin ba ne kawai."

Na zauna a ƙasa na yi kuka. Daɗi ne, amma ba zan ɓoye muku ba, har da ɗan kishi, don yarinyar ko neman inda nake ba ta yi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min ke nan. Na ƙetare ruwa sau biyu don wani yaro ya samu hannu na biyu, alhali na bar tawa da hannu ɗaya shekara da shekaru, ina kiran hakan kulawa. Da motar nan ta kife da mu a ruwa, da ban bar wa Ummi komai ba sai umarnin kada a ba ta abinci. Ku da kuke da yaro irin namu, ku koya wa wani tun kuna tsaye da ƙafafunku, ko da zai zubar a zani.

Kwana shida bayan nan aka bugo daga ƙauyen, uwar yaron ta sauka lafiya, an samu mace, Inna kuma tana nan da cokalinta. A gidanmu yanzu kunun safe na Malam ne. Ni kuwa in ya fara, tsakar gida nake fita in yi ta shara, don har yau in na tsaya kusa hannuna sai ya kai kan cokalin.