Likitar da Ta Rubuta Ciwon 'Yata da Fensir

Ranar Alhamis, sha uku ga watan jiya, ina zaune a kan bencin ƙofar ofishinki, Likita, ina gaggawar cike littafin lura da jikin 'yata da kika ba ni. Kwana tara ban rubuta komai ba, sai na ce bari in ƙaga su a zama ɗaya. Har biro biyu na taho da su, shuɗi da baƙi, ina canzawa don kada ki gane. Ina kan ƙaryar kwana na takwas nas ɗinki ta fito ta tsaya a kaina, ta ce, "Baban Tela, ba ka ji ba? Jiya Laraba Allah Ya yi wa Likita rasuwa." Daga Allah muka fito, gare Shi ne komawarmu. Na dubi biro biyun nan a hannuna, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ga wanda bai san zancen ba, 'yata ta fari tela ce. Bara allura ta fara suɓuce mata, ƙafafunta suka riƙa yi mata kamar tana taka auduga. Aka yi hoton ƙwaƙwalwa, aka ga fararen tabo biyu. Likitan da muka fara gani ya ce ciwo ne da ake kira MS, ana lallaɓa shi amma ba ya warkewa. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare na zama babban masani a wayata cikin kwana uku, har na ce wa uwarta a sayar da keken ɗinki. Ta ce in fara sayar da bakina.

A haka muka zo wurinki. Kafin ki buɗe fayil kika tambayi sana'ata, na ce gyaran wutar mota. Kika ce, "To ka san waya da rigarta. Jijiya ma tana da riga. MS yana cin rigar, ƙarancin bitamin B12 ma yana lalata ta. Fitila ta mutu, amma ba mu san abin da ya taɓa wayar ba tukuna." A duk asibitin nan ba wanda ya taɓa yi mini magana na gane sai ke.

Sannan kika ɗauki fensir kika rubuta sunan ciwon, da alamar tambaya a gabansa. Na ce, "Likita, biro ya yi tsada ne? In sayo miki?" Ba ki yi dariya ba. Kika ce, "Abin da ban tabbatar ba, ba na rubuta shi da tawada a kan 'yar mutane."

Gwajin jini ya nuna bitamin ɗin ya yi ƙasa ƙwarai, aka fara allurai. Na so in yi shelar an warke, kika tare ni. Kika ce yana iya zama wannan, yana iya zama wancan, yana iya zama duka biyun, sai an sake hoto. Kika miƙa mini littafi, kullum in rubuta yadda yatsunta da ƙafafunta suka yini. Rubutuna kamar kaza ta yi tono, amma kina karanta shi layi layi, ba ki taɓa gyara mini harafi ba. Kuskure ɗaya kika hana ni: kada in rubuta abin da ban gani ba.

Ba zan manta barandar asibitin nan ba, inda kike sa 'yata tafiya diddige na taɓa yatsa. Watan farko taku uku ta yi ta dafa bango. A wata na biyar ta kai ƙarshen baranda ta juyo, ta ciro allura ta zura zare a gabanki. Farar rigar da kika sa a makonninki na ƙarshe ita ta ɗinka miki, da ɗan aljihun fensir a ƙirji. Duk direban da ya kawo mini mota sai ya ji labarin rigar nan, ko yana so ko ba ya so.

Kin tafi ba mu san amsar ba. Hoto na biyu sai wata mai zuwa, kuma har yanzu nakan firgita idan cokali ya faɗi daga hannunta. Amma sunan ciwon yana nan da fensir, 'yata tana kan kekenta, ba ta ɗauki kanta gawa ba. Wannan aikinki ne.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa abin da kika yi wa 'ya'yan mutane ya tarbe ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki, da nas ɗin da ta yi shekaru tana fiƙe miki fensir. Allah Ya ba su haƙuri.

Saura bashin da ke kaina. Ranar Litinin zan kai wa sabon likita littafin, in buɗe masa shafi takwas ɗin nan masu tawada kala biyu, in ce da bakina, "Waɗannan ƙarya ce, kada ka yi aiki da su." 'Yata ta ce za ta raka ni don ta ga idona. Tun daga ranar Alhamis ɗin nan dai ban sake tsallake kwana ɗaya ba, Likita.