Tauraron Mai Kati

Mai Kati ake ce mata, domin tun tana budurwa take zaune a tagar yankan kati ta asibiti, ga shi har furfura ta fara leƙo mata. Fara'a kam ba ta dame ta ba, amma wanda ya zo cigiyar ɗan'uwa ba ya komawa da haushinta. Ko rabin suna ka riƙe, sai ta buga shi a kwamfuta, ta ɗora alamar tauraro a ƙarshe.

"Tauraron nan na nufin ko ma mene ne ya biyo baya," in ji ta. Sai sunaye su zubo, ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ita ma da tata cigiyar. Ƙanenta Cindo, mai yatsu shida a hannun hagu, ya samu taɓin hankali, ya fita wata safiya ko takalmi babu, shiru kake ji. Shekara da shekaru, kafin ta tashi aiki sai ta buga farkon sunansa na yanka da tauraro. Kullum kuma in ta koma gida, mahaifiyarsu Inna na zaune bakin ƙofa.

"Ya fito?"

"Bai fito ba, Inna."

Ana nan aka kawo sabuwar manhaja. Injiniyan da ya saka ta ya ce yanzu ba suna kaɗai take nema ba, har abin da likitoci suka rubuta a kan marar lafiya tana tonowa. Abokan aiki suka hau gunaguni, ita kuwa Cindo ne ya faɗo mata a rai. Wanda bai iya faɗin sunansa ba, ina za a same shi a suna?

Da layi ya tsagaita, ta buga "yats", ta ɗora tauraro. Ga yatsan da ƙofa ta datse, ga yatsun da injin niƙa ya cinye. Can ƙasa kuma: namiji, ba a san sunansa ba, mota ta buge shi, yatsu shida a hannun hagu. Ya cika a ɗakin gaggawa, ba wanda ya zo, asibiti ta yi masa sutura. Shekarar da ya fita ce. Ɗakin gaggawa kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da tagarta.

Haka ta yanka wa sauran mutane katinsu, ta rufe taga.

Da ta koma gida, Inna na bakin ƙofa, ta rufe wa Cindo abincinsa kamar kullum.

"Ya fito?"

Mai Kati ta daɗe tana kwance igiyar takalminta.

"Bai fito ba, Inna."