Kwanar Hagu a Ndokoti

A unguwar New Bell ta birnin Duwala aka haifi Idirisu, a nan ya yi furfura, kuma tun da ƙuruciya sana'arsa ɗaya ce, bensikin, wato haya da babur. Bai yi boko ba, ba shi da hayaniya. Abu guda yake taƙama da shi a duniya, Ndokoti, mahaɗar nan da hanyoyi suka cakuɗe kamar hanjin akuya. Yakan ce ko an ɗaure masa ido zai ratsa ta.

Raudatu 'yar ƙanwarsa ce. Ta samu aikin gwaji a wani kamfani mai shirya taswirar da waya ke yi wa direbobi jagora da ita. Aka ce ta je Ndokoti ta shigar da inda mota za ta iya juyawa da inda aka hana, in ta yi daidai a tabbatar da ita. Ta ce wa shugabanta kada ya damu, tana da kawu.

Ranar, Idirisu ya sa sabuwar hula, ya goya ta. Suka yi ta zagaye tana danna waya. Da suka kai wata kwana ta hagu, kusa da masu gwanjo, ta taɓa kafaɗarsa.

"Kawu, nan ana juyawa?"

"Tun ba a haife ki ba nake bin nan," in ji shi, ya kwanta da babur ya shige.

Ba ƙarya ya yi ba. Duk ɗan bensikin nan yake bi. Sai dai hanyar ta masu fitowa ce kaɗai, babur ne ke silalewa ta gefe. Allon hani yana nan tsaye, masu gwanjo sun rataye masa wanduna.

Ba a jima ba Halilu, direban babbar mota, baƙo daga Garwa, ya shigo da lodin albasa. Waya ta ce ya yi hagu, ya yi hagu. Ya yi kiciɓis da motoci gaba da gaba, ba shiga ba fita. Ndokoti ta tsaya cak har la'asar. 'Yan sanda suka tafi da motar, albasa ta kwana biyu a ruwan saman Duwala.

Idirisu a majalisar 'yan babur ya ji labarin, har da shi ana dariya. Sai da Bakari abokin sana'arsa ya ce, "Wai waya ce ta tura shi! Wane jaki ya gaya wa waya ana bin nan?" Nan take Idirisu ya daina dariya.

Da yamma ya tarar da Raudatu a tsakar gida, ido ya yi ja. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, ta kawo masa ruwa. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

"Sun sallame ki?"

"Sun ce in huta tukuna, Kawu. Laifina ne, ni ya kamata in duba allo."

Bai iya shan ruwan ba. Washegari ya bar babur a gida, ya taka har Ndokoti, ya roƙi mai gwanjo ya sauke wandunan. Ga jan allo da farin zane, ya yi tsatsa, ya girmi Raudatu. Ya daɗe yana kallonsa.

Kamfanin bai sake kiranta ba. Yanzu tana buga takardu a wani shago, kuma ba ta taɓa tayar masa da zancen ba.

Idirisu yana nan yana haya. In ya zo wurin sai ya miƙe, ya yi dogon zagaye tare da motoci, fasinja na mita a bayansa. Bakari kan ɗaga murya, "Ga Musye Sens Interdit nan, a ba shi hanya!" Wato Malam Ba-a-shiga, da Faransanci. Duk safiya yakan tsaya ya sauke wandunan, mai gwanjo kuma ya mayar da su da zarar ya wuce.