Inda Sawun Yaya Hamidu Ya Ɓace

Wata Laraba a daminar 2013, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Baba ya ajiye fartanya a tsakiyar noman gyaɗa, ya ɗauke ni muka shiga motar kasuwa daga Mayo Bani zuwa Mubi, don ni ce mai ɗan Turanci a gidan. An rufe layukan waya a lokacin, sai shagon intanet na Anti Rifkatu, mai farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, ke aiki. Can saƙon yayana Hamidu ya sauka, ta aiko wa Baba ya zo: wai yana Legas yana gadi, a yafe masa.

Wata huɗu ke nan da barinsa gida ba sallama, bayan sun yi cacar baki da Baba a gona. Shekarar kuwa duk saurayin da ya ɓace, daji ake cewa ya shiga. In na kai wanki bakin rafi mata su yi tsit, ƙawayena ma suka daina jawo ni gaɗa. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Baba gwanin bin sawu ne. In an sace saniya shi ake kira, bai kuma yarda da abin da bai gani a ƙasa ba. Da na karanta masa saƙon, sai ya tambayi Anti Rifkatu ko wasiƙar nan tana da sawu. Ta yi dariya ta ce tana da shi. Ta ciro wata lamba daga saƙon, ta buga a baƙin allo, layuka suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kowane layi na'urar wani kamfani ce, wannan ya miƙa wa wancan. Ga shagonta, ga Jamus, ga Landan. Baba ya haɗe rai, ya ce bai taɓa jin mai zuwa Legas ya bi ta Jamus ba. Daga nan layukan suka koma taurari uku-uku, babu suna.

"Wannan fa?"

"Ba ya amsawa ne, Baba. Haka wasu suke yi."

Baba ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "An share sawun," in ji shi. "Na san masu share sawu."

Ya hana a mayar da amsa. Ni ma, in faɗi gaskiya, na yarda da shi.

Yau aikina ke nan, bin hanyoyin saƙo daga kamfani zuwa kamfani, kuma kullum ina ganin taurarin nan. Na'ura ce kawai aka saita kada ta faɗi sunanta. Yaya Hamidu yana Legas ɗin kuwa, a bakin get ɗin wani gida, yana jiran amsa. Da ya gaji ya taho da ƙafarsa bayan shekara biyu, ni ce na raka shi kabarin Baba.