Uwar Tire da Kullutun Cibiyarta

Haihuwa

An haifi marigayiya a shekarar 1958, a wani gari na bakin layin dogo. Mahaifinta ma'aikacin tasha ne, mahaifiyarta kuwa masaƙiya. Tana da shekara tara mahaifiyar ta rasu sakamakon kumburin ciki da ba a san sunansa ba, irin wanda ya ɗauke kakarta.

Aiki da Iyali

Bayan kammala firamare, a 1975 ta kama aiki a gidan burodi, inda ta shafe shekaru tana tokare tiren ƙarfe a cikinta daga tebur zuwa tanda, har aka laƙaba mata Uwar Tire. A 1979 ta auri direban motar rabon burodi, wanda ya sha cewa faɗanta ya fi tandar zafi, amma bai taɓa neman inuwa ba.

Jinya

A 2016 wani kullutu mai tauri ya fito mata a cibiya. Ta yanke hukuncin cewa gugar tire ce ta sa wurin ya yi kanta, ta naɗa tsumma ta ci gaba da aiki, sai da ya fara tsattsafo da ruwa babbar 'yarta ta kai ta asibiti da ƙyar. Da aka yanki ɗan naman kullutun aka gwada, likita ya bayyana cewa sankara ce da ta taso daga wani wuri a cikin ciki, ta riga ta bazu, kuma gano tushenta ba zai warkar da ita ba.

Maigidanta ya nemi su koma gida ta huta. Ta ce, "Malam, abin nan ya ci Inna ba mu san sunansa ba. Ina da 'ya'ya mata. Su tona."

Haka ta jure hoto bayan hoto, da zura bututu ta baki da ta ƙasa, tana ramewa abin tausayi, har aka gano tushen a ƙwan mahaifa, kuma irin wanda ake gado ne. Ba ta bar 'ya'yanta mata sun sarara ba sai da aka duba kowacce.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a farkon 2017, aka sallace ta bayan la'asar, abokan aikinta suka rufe tanda ranar. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: babbar, malamar makaranta, namijin, makanike, mai bi masa, tela, sai auta, wadda aka samu ciwon a jikinta tun yana ƙarami aka cire, kuma tana nan da ranta. Allah ya jiƙanta.