Ungulayen Mahautar Kakana

Duk ranar da na bi ta bayan mahautar Talata Mafara, ƙarnin ɗanyar fata ya buge ni, sai in ga na ɗaga kai sama ba da niyya ba. Ba abin da nake gani sai wayoyin lantarki.

Kakana mahauci ne a Bakura. Ni ce mai kai masa kunu da safe, kuma tun daga nesa nake gane ko an yi yanka, don kukar da ke gefen mahauta takan yi baƙi ƙirin da ungulaye. Mai karatu, in ba ka taɓa ganin ungulu a kusa ba, ba kyakkyawa ba ce: ga sanƙo, ga wuya a tuje, ga tafiya kamar ta tsohuwa mai ciwon ƙugu. Mu yara jifarsu muke yi, kaka yana hana mu. Akwai wata mai ɗingishi da ke sauka dab da ƙafarsa, ya yanko hanji ya jefa mata.

"Ku bar su," yakan ce. "Su ke share muna wuri."

Haka ne kuwa. Da damina jaki zai mutu a fadama, kafin wari ya iso gari sun bar ƙashi kawai.

Wata bazara baƙi suka sauka, suna neman kawunan ungulu, wai na haɗa asiri ne. Suka roƙi kaka kayan ciki, ya hana. Wani ya ba su. Suka barbaɗa wa kayan cikin maganin ƙwari na gona, suka zuba a gindin kuka.

Washegari da na iso da kunu, ungulaye ne zube a ƙasa, fukafukai a baje, babu kawuna. Kaka yana tsugune gaban mai ɗingishin nan, ya gane ta da ƙafarta. Bai sha kunun ba. Ya ari fartanya ya haƙa rami, mutane na yi masa dariya, wai mahauci na jana'izar ungulu.

Waɗanda suka tsira sun ɗan riƙa zuwa, ɗaiɗai. Daga baya kukar ta zama wayam. Karnuka da ƙudaje suka gaji mahauta. Har kaka ya rasu, in ya gama fiɗa yakan ware hanji gefe guda, sai ya tuna, ya mayar cikin daro.

Yau ni malamar firamare ce. Makon jiya na koyar da darasin dabbobin da ke ƙarewa a duniya. Hotunan littafin duk na dabbobin ƙasashen nesa ne, sai na rufe shi na zana ungulu a allo.

"Malama, talotalo ne?" in ji wani yaro.

Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa na kasa. Na yi musu bayanin guba, da sare manyan itatuwa, da yadda ungulu ba ta yawan ƙwai, in an kashe uwa an kashe zuriya. Ina magana ina tunanin a ɗakin nan kaf ni kaɗai na taɓa jin ƙarar fukafukanta, kuma gashina ya fara fari.

Wata yarinya da iyayenta suka taso daga Maradun ta ɗaga hannu.

"Malama, ina za mu tai mu gane ta?"

Na ce mata ban sani ba. Ta sunkuya tana kwafar zanen nawa, wanda ko kama da ungulun bai yi ba.